Fara Ƙirga Waɗanda Aka Bari a Waje: Yadda Nake Warware Wasan Rabon Rukuni na LSAT

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare ƙanwata ta turo mini hoton wata takarda ta WhatsApp. Haruffa ne birjik, an rubuta an soke, an sake rubutawa, har fensir ya huda takardar wuri biyu. A ƙasan hoton ta ce: "Yaya, minti ashirin na ɓata a kan wannan, kuma uku kawai na ci cikin shida." Da na ƙura ido sai na gane littafin. Nawa ne, cikin waɗanda na yi shirin LSAT da su a 2018, na bar mata su a kwali lokacin da na canja gari.

Abin da na fara gaya mata shi zan fara gaya maka, don kada ka yi wahalar banza. LSAT ita ce jarrabawar da akasarin makarantun koyon aikin lauya na Amurka da Kanada ke dubawa kafin su ɗauki ɗalibi a digirin JD, wato digirin zama lauya a can. Hukumar LSAC ce ke shirya ta, makinta kuma daga 120 ne zuwa 180. Shekara da shekaru tana ɗauke da wani sashe mai suna Analytical Reasoning, wanda ɗalibai suka fi sani da logic games, wato wasannin kacici-kacici na jera mutane ko raba su bisa wasu ƙa'idoji: wasanni huɗu, tambaya 22 zuwa 24, minti 35. Sai wani mai lalurar gani daga jihar Mishigan, Angelo Binno, ya kai ƙara cewa sashen ba ya yiwuwa sai da zane a takarda, shi kuwa ba ya gani balle ya zana. Aka sasanta a Oktoban 2019. A Oktoban 2023 LSAC ta sanar za ta cire sashen, kuma daga Agustan 2024 babu shi, an sa sashen Logical Reasoning (na tantance hujja a cikin gajerun bayanai) na biyu a gurbinsa. Saboda haka duk wanda ya sayar maka da darasi yana cewa wasannin nan za su fito a jarrabawarka, tsohon kaya ya sayar maka.

"To Yaya, in ƙona littafin ke nan?" Na ce a'a. Ƙashin bayan wasan rukuni shi ne sanin abin da "idan kaza, to kaza" ya wajabta da abin da bai wajabta ba, kuma wannan na nan daram a Logical Reasoning, wanda yanzu shi ne sashe biyu cikin ukun da ake ba maki. Ban san wata hanya da ta fi wasannin nan saurin cusa wannan ilimi a kai ba, domin a nan in ka yi kuskure, nan take takarda za ta tona maka asiri. Irin kacici-kacicin kuma yakan fito a wasu jarrabawowin ɗaukar ma'aikata. Wani ɗan tsokaci ga 'yan uwa da ke tambayata daga gida: wanda ya yi LL.B a Nijeriya, ya wuce Makarantar Lauyoyi a Bwari ko Bagauda, yana neman LL.M (digiri na biyu a shari'a) a Amurka, galibi ba a tambayarsa LSAT. Ta masu neman JD ce.

Wasannin sun rabu gida biyu manya. Akwai na jeri, inda ake tambayar wa ya riga wa. Akwai na rukuni, inda ba ruwan kowa da gaba da baya, tambayar ita ce wa ke tare da wa, wa aka ɗauka, wa aka bari. Na rukunin ma iri biyu ne: na ciki da waje, inda ake zaɓar wasu daga cikin jama'a a bar saura, da na rabon gida-gida, inda kowa ke samun wuri, sai dai wane wuri. Na ciki da waje ya fi cin mutane, shi ya sa zan daɗe a kansa. Ga wanda na tsara wa ƙanwata a daren. Sunayenmu na sa don su zauna a kai, amma ginin irin na jarrabawar ne.

Za a zaɓi ɗalibai huɗu daidai daga cikin bakwai su wakilci ajinsu a gasar shari'ar gwaji. Ɗaliban su ne Audu, Binta, Danjuma, Fati, Garba, Hauwa da Jummai.

1. Idan an zaɓi Audu, za a zaɓi Binta.
2. Idan an zaɓi Binta, ba za a zaɓi Danjuma ba.
3. Idan ba a zaɓi Fati ba, za a zaɓi Danjuma.
4. Ba za a zaɓi Garba ba sai an zaɓi Hauwa.
5. Ba za a zaɓi Hauwa da Jummai tare ba.

Kada ka kalli tambayoyi tukuna. Na san agogo na tafiya, minti 35 in ka raba huɗu kowane wasa minti takwas da daƙiƙa 45 ya samu, kuma zuciya za ta riƙa ce maka zane ɓata lokaci ne. Kuskuren ƙanwata ke nan. Ta tsallake zane ta faɗa tambayoyi, sai ya zama kowace tambaya sabon gini take yi daga tushe. Minti biyu ko uku da za ka kashe a farko su ne za su sa tambaya ɗaya ta ci maka rabin minti.

Rubuta haruffan farko a sama: A B D F G H J. Ja layi a tsaye. Hagu "ciki", ka ja gurbi huɗu. Dama "waje", ka ja gurbi uku. Gurabun nan uku na waje su ne abin da mutane ke mantawa. Takarda ta ce a zaɓi huɗu, ba ta ce a bar uku ba, sai ɗalibi ya zana na ciki kawai. Alhali bakwai a cire huɗu uku ne, kuma da wajen nan ya cika, duk wanda ya rage dole ya shiga ciki ko ba ya so.

Yanzu ƙa'idoji. A takarda nakan soke harafi don nuna an bar mutum a waje, a nan zan sa ƙaramin x a gabansa. Ta farko A → B ce. Kowace ƙa'ida irin wannan tana da 'yar uwa da ba a rubuta ba, kuma ana samo ta ne da aiki biyu: ka juya ta, ka kore ɓangarorin biyu. Wato xB → xA. In babu Binta, babu Audu. Abin da ba ka da izinin yi shi ne juyawa ba korewa, ko korewa ba juyawa. Shigar Binta ba ta ce komai a kan Audu ba, fitar Audu ma ba ta ce komai a kan Binta ba. Misalin da na ba ƙanwata shi ne na salla da tsarki. Duk mai salla yana da tsarki. Wanda ba shi da tsarki ba ya salla, wannan ya tabbata. Amma don ka ga mutum da alwalarsa, ba za ka rantse salla yake yi ba, ƙila Alƙur'ani zai ɗauka, ƙila barci zai kwanta.

Ta biyu, B → xD, 'yar uwarta D → xB. Ma'anarta Binta da Danjuma ba sa haɗuwa a ciki. Suna iya haɗuwa a waje. Ta uku kuwa kamar ta biyun take a ido, amma kishiyarta ce: xF → D, 'yar uwarta xD → F. Fati da Danjuma ba sa haɗuwa a waje. Suna iya haɗuwa a ciki. A nan na fi shan kashi lokacin da nake koyo. Wata biyu cur ina karanta irin ƙa'ida ta uku a matsayin "ko wannan ko wancan, ɗaya tak", ina soke amsar da ta haɗa su biyu, ina mamakin inda makina ke tafiya. Abin da ya cece ni shi ne duba inda x yake. In yana dama da kibiya, aƙalla ɗaya na waje. In yana hagu da kibiya, aƙalla ɗaya na ciki.

Ta huɗu ita ce mai "sai". A Turancin jarrabawar kalmar "unless" ce ko "only if", kuma su biyun sun kayar da ɗalibai da yawa. Mu Hausawa muna da sa'a a nan, domin "ba kaza sai kaza" a bakinmu take kullum. Ba shiga sai da tikiti. Duk wanda ya shiga yana da tikiti, amma mai tikiti yana iya fasa shiga. Abin da ya biyo bayan "sai" shi ne abin da ake bukata, shi ke zama a bakin kibiya. Don haka G → H, da xH → xG. Hauwa na iya tafiya ba Garba, Garba ne ba ya tafiya ba Hauwa. Ta biyar irin ta biyu ce: H → xJ, J → xH.

Sai haɗa sarƙa. Duk inda ƙarshen wata ƙa'ida ya zama farkon wata, ka ɗaura su:

A → B → xD → F
xF → D → xB → xA
G → H → xJ
J → xH → xG

Ana bin sarƙa ne daga hagu zuwa dama kawai, kamar ruwa a gangare. In aka ce maka Binta na ciki, ka san Danjuma na waje, Fati na ciki, amma Audu da ke bayanta ba ka san komai a kansa ba.

Yawancin ɗalibai a nan suke tsayawa su tafi tambayoyi. Kai ka ƙara daƙiƙa talatin, ka koma kan gurabun waje. Ɗaya daga cikin Binta da Danjuma dole ya zauna a waje, rubuta B/D a gurbin farko. Ɗaya daga cikin Hauwa da Jummai ma haka, rubuta H/J a na biyu. Saura gurbi ɗaya tak. To yanzu dubi sarƙa ta biyu, wadda ta fi kowace korar mutane. In aka bar Fati, an bar Binta, an bar Audu. Mutum uku, waje ya cika. Ke nan Garba da Hauwa da Jummai duk sai su shiga, ƙa'ida ta biyar kuwa ta hana Hauwa da Jummai zama tare. Ashe barin Fati ba ya yiwuwa. Babu ƙa'idar da ta ce a zaɓi Fati, amma ko ta yaya aka juya, tana ciki. Rubuta F a gurbin ciki na farko, ka kewaye ta. Da na kai nan a waya, ƙanwata ta yi shiru, can ta ce, "Kai Yaya, ashe tun farko tana nan zaune." Irin wannan ɓoyayyen hukunci kusan kullum akwai tambaya guda da aka gina a kansa, kuma wanda bai gano shi ba sai ya gwada amsoshi biyar ɗaya bayan ɗaya.

Tambayar farko a yawancin wasanni kyauta ce: wanne daga cikin waɗannan zai iya zama cikakken jerin waɗanda aka zaɓa?

A. Audu, Danjuma, Fati, Hauwa
B. Binta, Danjuma, Garba, Hauwa
C. Binta, Fati, Garba, Jummai
D. Danjuma, Fati, Garba, Hauwa
E. Audu, Binta, Garba, Hauwa

Kada ka ɗauki amsa ka bi ta da ƙa'idoji biyar. Ɗauki ƙa'ida ka bi amsoshi da ita, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Ta farko ta kashe A, ga Audu ba Binta. Ta biyu ta kashe B. Ta uku ta kashe E, babu Fati babu Danjuma. Ta huɗu ta kashe C, ga Garba ba Hauwa. Saura D. Ka lura D ce ta haɗa Danjuma da Fati, wato ainihin irin amsar da a da nake sokewa da hannuna. Kuma kada ka wuce ka bar ta: wannan jeri yanzu hujja ce a hannunka. In wata tambaya a gaba ta ce dole a zaɓi Audu ko Binta ko Jummai, ga amsar D nan ta ƙaryata, ba sai ka sake zane ba.

Sai tambayoyi masu ƙarin sharaɗi. Idan an zaɓi Jummai, wa dole a zaɓa? Yi ƙaramin zane a gefen tambayar, kada ka taɓa babban zanenka, domin sharaɗin na wannan tambaya ce kaɗai, ba ya bin ka zuwa ta gaba. Jummai ciki, sarƙa ta huɗu ta fitar da Hauwa da Garba. Gurbi biyu sun cika, na uku kuma na Binta ne ko Danjuma. Audu ba shi da wurin zama a waje, dole ya shiga. Shigarsa ta ja Binta, ta kori Danjuma. Audu, Binta, Fati, Jummai. Babu wata ƙa'ida da ta haɗa Jummai da Audu, ƙirgen waje ne ya haɗa su.

Idan an zaɓi Garba fa? Ya zo da Hauwa, Fati dama tana nan, saura kujera ɗaya. Audu ba ya zuwa shi kaɗai, kujera biyu yake ci, don haka ba shi. Jummai ta fita saboda Hauwa. Kujerar ta Binta ce ko ta Danjuma. In ka tattara za ka ga wasan gaba ɗaya hanya huɗu kawai yake da ita: ABFH, ABFJ, BFGH, DFGH. Ba kowane wasa ke tsukewa haka ba, kuma ban ce ka riƙa farautar duk hanyoyi kullum ba. Ni dai ƙa'idata ita ce, in na hango wasan zai rabu gida biyu zuwa huɗu kuma kowane gida zai cika mini gurabu da yawa, sai in zana su duka tun farko. In na ga za su kai shida ko bakwai kuma rabinsu fanko ne, sai in bari.

Kalmomin tambaya ma a kula da su. "Must be true" na neman abin da ya tabbata a kowace hanya, misali guda da ya saɓa ya isa ya kashe amsa. "Could be true" na neman abin da ya yiwu ko da sau ɗaya ne. Sai "EXCEPT", da suke rubutawa da manyan baƙaƙe amma duk da haka ido ke tsallake ta, wadda ke kifar da tambayar gaba ɗaya. Nakan ja mata layi biyu kafin in karanta amsoshi.

Wasan rabon gida-gida ba zan ja shi ba, don aikin ɗaya ne, sai dai a nan lissafi ake fara yi. Ɗalibai shida, Kabiru, Ladi, Musa, Nana, Rabi da Sani, za a tura su kotuna uku sanin makamar aiki, kowa kotu ɗaya, kowace kotu aƙalla mutum ɗaya. Kabiru da Ladi kotu ɗaya za su. Musa kotu ta 2. Rabi da Sani ba sa haɗuwa. Ɗaliban kotu ta 1 sun ninka na kotu ta 3 sau biyu daidai.

Kafin ka sa kowa ko'ina, tambayi kanka ta yaya shida ke rabuwa uku ba tare da an bar wata kotu fanko ba: 4-1-1, ko 3-2-1, ko 2-2-2. Ƙa'idar ninki ta bar maka ko biyu da ɗaya, ko huɗu da biyu. Huɗu da biyu sun cinye shidan, kotu ta 2 ta tashi a tutar babu, bai halatta ba. Ke nan kotu ta 1 mutum biyu, ta 2 mutum uku, ta 3 mutum ɗaya. Ja gurabun. Kabiru da Ladi ka sa su cikin akwati guda, KL, kaya ne mai cin gurbi biyu, ba ya shiga kotu ta 3. Wasan ya rabu biyu. In KL na kotu ta 1, ta cika, saura gurbi biyu kusa da Musa da ɗaya a kotu ta 3. Rabi da Sani ba za su cike na kusa da Musa tare ba, don haka ɗayansu ya tafi ta 3, Nana ta zauna da Musa. In KL na kotu ta 2, ta cika da Musa, kuma dalilin nan dai ya sa Nana a kotu ta 1 tare da Rabi ko Sani. Ka ga Nana, wadda babu ƙa'ida ko ɗaya da ta ambaci sunanta. Irinta nake kira 'yar ba-ruwana, nakan kewaye harafinta tun farko don kada in manta da ita. A nan ba-ruwanan nata na ƙarya ne: ba ta taɓa zuwa kotu ta 3, kuma ba ta taɓa zama da Kabiru.

Abu ɗaya da za ka karanta da idon basira a irin wannan wasa shi ne gabatarwar. Shin an ce kowa wuri ɗaya tak, ko mutum na iya zuwa wuri biyu? Shin an ce kowace kotu sai ta samu wani, ko ana iya barin ta fanko? In ba a faɗa ba, kada ka ƙara daga aljihunka. Da a ce ba a hana fanko ba a misalin nan, da 4-0-2 ta shigo lissafi, sai dai ƙa'idar Musa ce za ta kore ta.

Lokacin da na zauna jarrabawar, a takarda ake yi da fensir, ba a ba da takardar gwaji, cikin ɗan littafin tambayoyin kake zanenka. Agogon hannu mai allura na ajiye a kan tebur, na mayar da shi sha biyu daidai a farkon kowane sashe. Wasa na uku na ciki da waje ne, kuma na tuna hannuna na rawa, na kusa tsallake ƙirgen waje don na ga allura ta wuce minti goma sha tara. Na daure na yi. Wasa na huɗu ban gama shi ba, tambaya biyun ƙarshe cike su kawai na yi, tunda LSAT ba ta rage maki don an yi kuskure, barin gurbi fanko asara ce tsantsa. Har yau wannan bai canja ba.

Wajen atisaye, da tsohuwar zuma ake magani. Tsofaffin jarrabawowin da LSAC ta fitar, waɗanda ake kira PrepTest, cike suke da wasannin nan. Yadda na yi shi ne kowane wasa sau uku: yau ba agogo, gobe da agogo, sai bayan mako guda a sake. Za ka ce ai na haddace amsa. Ba amsar ake so ka haddace ba, hanyar da ka bi ka gano Fati ake so hannunka ya saba da ita, domin sunaye kawai suke canjawa, ginin yana maimaita kansa. Kuma duk tambayar da ka faɗi, rubuta dalili a gefe da kalmominka: na juya ban kore ba, na manta waje ya cika, na ƙara sharaɗin da ba a faɗa ba.

Bayan kwana tara ƙanwata ta sake turo hoto. Layi a tsaye, gurbi biyar a hagu, uku a dama, sarƙa biyu a ƙasa, takarda fes ba huda. Minti tara da 'yan daƙiƙu, biyar cikin shida. Na tambaye ta wadda ta faɗi. Ta turo hoton tambayar, ga EXCEPT nan ɓaro-ɓaro a tsakiyarta, ba layi ko ɗaya a ƙarƙashi.